Haƙurin Da Ba Shi Da Lada: In Mota Ta Fito Da Aibi A Mayar Wa Mai Ita

 Na san wasu za su ga kan maganar nan su ce, "Yau kuma me ya haɗa filin mata da zancen mota? Ai wannan hirar maza ce a bakin tasha." To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukunci da kanku ko maganar ta shafe mu ko ba ta shafe mu ba.

Akwai wata aminiyata a nan Zuru, malamar makarantar firamare ce. Shekara uku tana zubin adashi, ba ta ɗinka sabon zane ba sai na salla. Maigidanta tsohon soja ne, kamar magidanta da yawa a wannan ƙasa tamu. Da aka biya shi kuɗin sallama, sai suka yi shawara su sayi mota, ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Zuru da Kontagora, in kuma wata larura ta taso da dare a samu abin kai mara lafiya asibiti. Kuɗinsa ba su kai ba, saboda haka ta kawo kwasar adashinta, ta kuma sayar da raguna huɗu da ta yi kiwo. Ya tafi birni tare da wani dillali, ya dawo da mota sai sheƙi take yi. Aka yi guɗa, maƙwabta suka yi ta zuwa sanya albarka.

Kwana tara da sayenta, lagireto ya tafasa tsakanin Dabai da Mahuta. Aka ce ai sabon hannu ne. A mako na uku giya ta fara ƙin shiga, fitilu suna kamawa suna ɗaukewa. Da bakanike ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, sai ga busasshen taɓo, wayoyi duk sun yi tsatsa. Ya ce wannan mota ta kwana cikin ruwa tun a ƙasar da ta fito, wanke ta kawai aka yi aka goge. Maigida ya buga wa mai sayarwa waya, shi kuwa ya ce ciniki ya riga ya faɗa, kuma miyagun hanyoyinmu ne suka kashe ta. Dillali ya ce shi haɗa su kawai ya yi. Maigida ya ajiye waya ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara." Da ta ce a koma a yi magana, sai ya ce mata wannan ba harkar mata ba ce.

Yau wata na biyar ke nan motar tana gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da na tambaye ta takardar ciniki, sai ta ɗauko wata 'yar guntuwar takarda, ba sunan kamfani, ba lambar jikin mota, adadin kuɗi kawai da wani sa hannu mai kama da tafiyar tsutsa.

'Yan'uwa, wannan shi ne dalilin da ya sa na kawo maganar nan filinmu. Kuɗin mota a yawancin gidajenmu ba na maigida kaɗai ba ne. A ciki akwai adashin uwargida, akwai akuyar amarya, akwai ribar ƙuli-ƙuli da daddawa, wani lokaci har da gadon marayu. In motar ta mutu, tukunyarmu ce take fara ragewa, kuɗin makarantar 'ya'yanmu ne suke fara tsayawa. In kuma ta mutu a tsakiyar daji da dare, ga halin rashin tsaro da yankunan Danko-Wasagu da Sakaba suka sha fama da shi a shekarun nan, mu ne a cikinta da goyo, ko da naƙuda. Wadda aka ci kuɗinta, aka kuma sa ranta cikin haɗari, yaya za a ce magana ba tata ba ce?

Ra'ayina a taƙaice shi ne, yin shiru a kan ha'inci ba haƙuri ba ne, sakaci ne. Haƙuri na abin da ba ka da ikon kawarwa ne, kamar fari ko rasuwa. Amma mutum ya ɓoye maka aibin kaya ya karɓi guminka, kai kuma ka naɗe hannu, to ka taimake shi ya cuci na bayanka.

Yadda aka zo nan

Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a shekarun 1970 sun san lokacin da ma'aikaci yakan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa fil a leda. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, na Volkswagen ma yana Legas. Mai sayen 504 a wancan zamani yana da garanti a rubuce, yana da wakilin kamfani da zai koma wa in wani abu ya taso. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi, sai sabuwar mota ta gagari talaka har da matsakaicin ma'aikaci. Daga nan muka koma ga gwanjon motoci, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, 'yan kudu kuma suna ce musu tokumbo.

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan zuwa wasu ƙasashe, kashi 40 cikin ɗari nasu kuwa Afirka aka kawo su, kuma Nijeriya tana cikin manyan masu saye. A cikinsu akwai masu lafiya ƙalau, ban ce duka rubabbu ba ne. Amma akwai waɗanda suka yi mummunan haɗari aka miƙe su aka shafe da fenti, akwai waɗanda aka juya musu agogon tafiya baya don a ce ba su sha hanya ba, akwai kuma waɗanda ambaliya ta shanye. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu da arha. Irin waɗannan, in sun sha wanki da turare, ido ba ya gane su ranar ciniki. Kyan ɗan maciji ke nan.

Wani abin kuma, tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Masu fasa-ƙwauri ba su daina ba, sai suka ƙware wajen buga takardun kwastan na jabu. Sai mutum ya sayi mota da halaliyarsa, wata rana 'yan kwastan su tare shi a hanya su ƙwace. Wannan ma aibi ne, ko da injin yana da lafiya.

Abin da doka ta ce

Da yawa daga cikinmu ba mu san cewa ƙasar nan tana da dokar kare mai saye ba. Tun 1992 gwamnatin soja ta yi dokar da ta kafa majalisar kare haƙƙin masu sayen kaya. Daga baya aka yi sabuwar doka mai ƙarfi ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar da ake kira FCCPC, mai hedikwata a Abuja. Dokar ta tarayya ce, watau tana aiki a Zuru kamar yadda take aiki a Legas.

Ga kaɗan daga abin da ta ƙunsa, cikin harshen da kowa zai gane. Na farko, mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya mai inganci, mai aiki, marar aibi, wanda zai yi amfani na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Na biyu, kuma shi ne nake so kowace ta haddace, sashe na 132 ya ce in kaya ya kasa cika wannan sharaɗi, mai saye yana iya mayar da shi cikin wata uku daga ranar da aka damƙa masa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa. Shi kuma mai sayarwa dole ya yi ɗaya daga cikin uku: ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Na uku, dole ɗan kasuwa ya bayyana in kayan na hannu ne ko an yi masa kwaskwarima, ya kuma ba da takardar ciniki. Na huɗu, in aka yi ƙarar cewa kaya yana da aibi, nauyin kawo hujjar cewa lafiyarsa lau yana kan wanda ya sayar. Na biyar, ɗan kasuwa ba shi da ikon rubuta sharaɗin da zai soke haƙƙin da doka ta ba mai saye.

Wannan na ƙarshe ya shafi rubutun nan da muke gani a gindin rasit, wai in an biya kuɗi ba a mayarwa. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke hukunci a kan wani kamfanin sufuri da ya ƙi mayar wa wani fasinja kuɗin tikitinsa, naira 500, bayan ya gaji da jiran mota ya fasa tafiya. Kotu ta ce wannan sharaɗi ya saɓa wa doka, ta kuma umurci kamfanin ya biya shi diyyar naira 500,000. To, in mutum ya tsaya a kan naira 500 har ya yi nasara, mu da muka zuba miliyoyi me zai sa mu yi shiru?

Ba mu kaɗai ke da irin wannan doka ba. A Ingila, dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da mota mai aibi a ba shi kuɗinsa cif, ko da tsohuwa ce, muddin a wurin ɗan kasuwa ya saya. A Amurka jihohi suna da dokokin da suke kira dokar lemo, domin su lemon tsami suke ce wa motar da ta ƙi jin gyara, jihar Konetikat ce ta fara yi a 1982. Can ma ba don 'yan kasuwa sun fi namu tsoron Allah aka samu wannan ba, sai don masu saye sun ƙi yin shiru.

Kada kuma wani ya ce mana wannan al'adar Turawa ce. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da karantar da babin mayar da kaya saboda aibi, yana nan a littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar. Misalin da aka fi sani shi ne na mai dabbar da ya ƙi tatsarta kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Shari'a ta ba mai saye damar mayar da ita in ya gano. Ku gaya mini, mene ne bambancin wannan da mai zuba bakin mai mai kauri a injin don ya ɓoye ƙararsa ranar ciniki? 'Yan'uwanmu Kirista ma, waɗanda muke zaune tare gida ɗaya a ƙasar Zuru, addininsu ya hana algus da tauye mudu. Ko a kasuwar hatsi, in kika sayi buhun dawa kika tarar da tsakuwa a ƙasa, ai sarkin kasuwa zai sa a karɓa. Don me mota za ta fita daban?

Uzurorin da ake kawowa

Uzuri na farko, za a ce ai tsohuwa ce, wanda ya sayi gwanjo ya san abin da ya saya. Akwai gaskiya a ciki, kuma dole mu yi adalci. Motar da ta shekara 15 tana yawo ba za ta zama kamar sabuwa ba. Taya za ta suɗe, batir zai mutu, birki zai nemi canji, waɗannan duk tsufa ne, ba ha'inci ba. Haka kuma aibin da aka nuna miki kika gani, aka rage miki kuɗi saboda shi, ba ki da bakin dawowa a kansa. Amma injin da ya buga aka lallaɓa shi, ko motar da ta sha ruwa aka ɓoye, ko takardun jabu, waɗannan ba tsufa ba ne. Mai sayarwa ya ce mota ce mai tafiya, kuɗin mai tafiya ya karɓa.

Uzuri na biyu, wai hanyoyinmu ne. Lalle duk wanda ya san hanyoyin da suka haɗa Zuru da Rijau da Ribah da damina ya san suna cin mota. Rami yana karya shokazoba, yana fasa taya, yana lanƙwasa ƙafa. Amma rami ba ya sa tsatsar shekara cikin kwana tara, ba ya kuma zuba taɓo a ƙarƙashin kujera. Bakanike mai gaskiya yana iya bambance ciwon jiya da ciwon bara.

Uzuri na uku shi ne mafi wuya, watau kunya. Garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Dillalin nan wataƙila suruki ne, ko abokin maigida tun suna barikin soja, ko masallacinsu ɗaya, ko cocinsu ɗaya. Sai maigida ya ga in ya tayar da magana za a ce ya cika son kuɗi, ko kuma a yi masa dariya a ce an yi masa wayo. To, ni tambayata ita ce, shi wanda ya cuce ka ya ji kunyarka? Zumuncin da zai tsaya a kan asarar gida ɗaya da ribar ɗaya gidan, wane irin zumunci ne? Dillali kuwa da ya karɓi la'ada ba shi da ikon cewa ba ruwansa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutanen da kakanninsu suka yi shekaru suna noman golmo kafin a ba su mata sun fi kowa sanin darajar gumi. Bai kamata a ce a ƙasar Zuru ne ake barin gumi ya tafi a banza don gudun surutu ba.

Uzuri na huɗu, wai doka tana Abuja, mu muna nan. Gaskiya ne tafiyar da nisa, kuma ba zan yaudare ku in ce kowace ƙara ana share mata hawaye cikin mako ɗaya ba. Amma hukumar tana karɓar ƙara ta intanet, da wayar hannu ma ana iya aikawa. Dokar kuma ta ba mai saye damar zuwa kotu kai tsaye, kotuna kuwa muna da su a jiharmu. Sau da yawa ma magana ba ta kai can. Ɗan kasuwan da ya ga takarda a rubuce, da kwanan wata, da ambaton sashen doka, ya san ba da wanda za a raina yake magana ba.

Sai dai a lura da abu guda. Wannan doka ta fi ƙarfi a kan wanda sayar da mota ce sana'arsa. In maƙwabci ne ya sayar muku da tasa ta hawa, hanyar ita ce ta dattawa da shaidu, in ta ƙi sai kotu, domin yaudara a ciniki ba ta halatta ga kowa.

In aibi ya bayyana

Ga shawarata ga uwargidan da wannan ya faɗa wa gidanta. Da farko a ajiye motar, a daina hawa. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya ga aibin dabba ya ci gaba da hawanta, alama ce ta ya yarda. A kotu ma, wanda ya riƙe kaya ya daɗe bai yi magana ba, akan ɗauka ya karɓa. Na biyu, kada a bar bakanike ya farke injin ko ya canja manyan kaya kafin mai sayarwa ya sani, don kada ya ce ku ne kuka ɓata. A sa bakanike ya duba, ya faɗi abin da ya gani, a rubuta, a ɗauki hoto da waya. Na uku, a sanar da mai sayarwa nan take, kuma a rubuce. Magana ta baki iska ce. A rubuta ranar saye, da kuɗin da aka biya, da lambar jikin mota, da aibin da aka gani da ranar da aka gan shi, da abin da ake nema, a kuma ba shi wa'adi, kamar mako ɗaya ko biyu. A ajiye kwafi. Saƙon waya ma shaida ne, kada a goge.

Na huɗu, a tafi da dillali da shaidu biyu wurin shugabannin 'yan kasuwar motocin, domin su ma ba sa son sunan kasuwarsu ya ɓaci. In ya yarda zai gyara, a rubuta abin da zai gyara da ranar da zai gama, kada a yi ta "gobe, jibi" har wata uku su cika, don wannan dabara ce sananniya. In duk wannan bai yi ba, sai a kai ƙara hukumar FCCPC ko a nemi lauya. Wanda ba shi da hali yana iya neman shawara a hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 saboda marasa ƙarfi. A yi duk wannan cikin ladabi, ba zagi, ba tara 'yan unguwa. Mai gaskiya ba ya bukatar ihu.

Aminiyata da na ba ku labarinta, wata ukun nan sun wuce ta saboda an tsaya ana kunya. Ƙofar kotu ba ta rufe ba, tunda ɓoye aibi yaudara ce, amma hanya mai sauƙi ta kuɓuce, ga shi kuma ba takardar kirki a hannu. Da an yi magana a mako na uku, da labarin ya sha bamban.

Kafin a saya

Rigakafi dai ya fi magani. In maigida ya fara zancen sayen mota, ki zauna da shi cikin natsuwa, bayan ya ci abinci ya huta, ki ce, "Maigida, don Allah a tafi da bakanikenmu, ba na mai sayarwa ba." A duba mota da rana, ba da magariba ba. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a shinshina ko akwai warin danshi. A leƙa ƙarƙashi. A tayar da ita da safe injin yana da sanyi, a dubi hayaƙin salansa, a hau ta a yi tafiya mai ɗan nisa, ba zagayen fili ba. Yawancin motocin zamani suna da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, tsarin da aka fara tun 1981. A tabbata wadda ke jikin mota ita ce a takarda. In daga Amurka ta fito, da wannan lamba ana iya bincika tarihinta ta intanet, a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya, a kuma ga ko kamfaninta ya taɓa kiran irinta don gyara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an kira miliyoyin motoci, har da Honda da Toyota irin waɗanda suka cika hanyoyinmu, saboda jakar iskar kamfanin Takata da take fashewa ta watsa ƙarfe a fuskar direba, abin da ya kai kamfanin ga karyewa a 2017. A kai takardun kwastan ofishinsu a tantance kafin a biya. A biya ta banki, don a samu shaida. A karɓi rasit mai sunan mai sayarwa da adireshinsa da lambar mota, in ya yi alkawarin garanti a sa ya rubuta. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya gaya muku halinsa. Kuma in kuɗin ya yi arha fiye da kima, a tuna araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mayar da kuɗi gida ne.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce wannan zancen iyaye ne. A gidaje da yawa ke ce mai karatun da za ta iya duba takarda ta ga an rubuta lamba daidai ko ba a rubuta ba. Ke ce kika iya waya. Ke ce malamar Turanci ta koya wa rubuta wasiƙa zuwa ofis. In Baba ya dawo da takardar ciniki, ki durƙusa ki ce, "Baba, in karanta maka?" Ki rubuta ranar saye a bangon littafinki, ki ƙirga wata uku. Ilmin da bai tsare dukiyar gidanku ba, ina amfaninsa? Kuma ku sani wannan doka ba ta mota kaɗai ba ce. Ta shafi babur, da Keke Napep, da injin niƙa, da keken ɗinki, da firji, da wayar da ke hannunku. Wadda ta koyi karɓar rasit a kan keken ɗinki yau, ba za a cuce ta a kan mota gobe ba.

Ga 'yan kasuwarmu kuma, ba gaba muke yi da ku ba. Da yawanku mutanen kirki ne, wasunku ma ku aka fara cuta tun daga bakin teku. Amma wanda ya san aibi ya faɗa, ya rage kuɗi, ya ci halal ɗinsa. Wanda bai sani ba kuma, in aka dawo masa da kaya ya karɓa, shi ma ya bi wanda ya sayar masa. Ta haka ne ruɓaɓɓen kaya zai koma inda ya fito, maimakon ya ƙare a gindin mangwaron malamar makaranta.

Ga iyayen gidanmu maza, muna roƙo cikin girmamawa. In matarka ta ce a koma a yi magana, ba raina ka ta yi ba. Adashinta ne a ciki, 'ya'yanku ne za su hau. Ba abin kunya ba ne a yaudari mutum, domin kowa ana iya yaudararsa. A bar mayaudari da kuɗin, a dawo gida a huce a kan iyali, wannan shi ne abin kunya.

Ina fata wadda duk ta karanta wannan za ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta yi boko ba, a kuma tattauna shi a wurin adashi da taron suna. Wadda irin wannan ya taɓa samun gidanta, ta rubuto mana yadda suka ƙare, don 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya tsare mana guminmu, ya haɗa mu da masu amana, ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.